GYARA KAYANKA: Tsohuwar kujera a bakin murhu

  Allah ya sa abin da muka zuba rumbu ya kai mu wata damana.

Watan jiya mun yi zancen gyaran rumbu. Wannan wata zancen kujera za mu yi. Da na faɗa wa ɗalibaina haka a makarantarmu ta yaƙi da jahilci nan Madarumfa, sai wani dattijo ya yi dariya. Ya ce: "Malam, mu da muke cin tuwo bisa tabarma tun kaka da kakanni, ina ruwanmu da kujera?" Na ce: "Baba, gaskiyarka. Tabarma ba ta yi laifin komai ba, ni ma bisa kanta nake ci. Amma ka ba ni kunne in ba ka labarin gidanmu."

Abin da ya kai ni kasuwa

Inna, wadda ta haife ni, ta kwana biyu a duniya. Gwiwoyinta sun gaji. In ta zauna ƙasa, tashi sai an kama ta. Ita kuwa ba ta son a kama ta gaban jikoki. Sannu-sannu sai ta daina fitowa bakin murhu. A da ita ce mai kaɗa miya, ita ce mai rabon tuwo, ita ce mai yi wa yara tatsuniya in an gama ci. Sai ga shi ana kai mata kwanonta ɗaki, tana ci ita kaɗai a bakin gado. Abincin ma ba ta cinyewa. Muka kai ta likita. Aka ba ta magani, aka ce ta rage durƙuso da zaman ƙasa.

Uwargida kuma a lokacin tana da ciki wata 7. Kujerar da take girki bisa kanta ta tsage, tsawonta ma bai kai taƙi guda ba. Kullum da dare tana kukan ciwon baya.

Na ce lalle gidan nan yana son kujeru. Na tambayi kuɗin sababbi, na ji abin ya fi ƙarfina. Sai na ce bari in nemi na hannu. Ranar wata Litinin na shiga mota na tafi Maraɗi.

A can na ga kujeru biyu masu kushin, da jan yadi, da wurin aza hannu, irin na ofishin manya. Dillali ya ce wani ma'aikaci ne aka canza wa gari ya sayar. Muka yi ciniki jika 9. Ban juya su ba, ban leƙa ƙarƙashinsu ba. Na kawo su gida ina taƙama, maƙwabta suna zuwa kallo.

Kwana 3 aka yi, yara suka fara susa. Ashe kuɗin cizo na sayo da kuɗina. Inna kuwa sau ɗaya ta zauna. Ta nutse cikin kushin, tashi ya gagara, har gara tabarma. Da damana ta faɗi, katakon ƙasan ya sha ruwa, ya kumbura kamar burodi cikin shayi. Jika 9 sun tafi. Ku lissafa tiyar gero nawa ke nan. Cinikin biri a sama na yi. Na sayi kujerar kallo, na bar kujerar zama.

Wani tsohon kafinta na garinmu ya ji labari. Ya kira ni ya ce: "Mushe, kai kana koya wa mutane karatun takarda. Zo in koya maka karatun icce." Abin da ya koya mani, da abin da na ƙara gani da idona, shi zan ba ku yau.

Ina ake samun kujerun hannu?

Fara dubawa a gida. Bayan ɗakin kawunka, ko cikin kangon da aka bari, sau da yawa akwai kujerar ƙarfe wadda igiyarta kawai ta tsinke. Wannan gaisuwa da goro sun isa su saye ta.

In babu, ka je wurin masu walda da kafintoci. Akwai kayan da aka kawo gyara, mai su ya ce a sayar. Ka tambayi masu ba da hayar kujerun biki, sukan fid da tsofaffi. Ka saurari ƙarshen hutun lakwal, lokacin da ake canza wa malamai da sauran ma'aikata gari, don da yawa ba su son ɗaukar kaya masu nauyi. Mata kuma suna da dillaliya, wadda ke shiga gida-gida, ta san ɗakin da ake rage kaya. Bayan wannan ga kasuwar Maraɗi Litinin da Juma'a, ga Ɗan Isa, ga Jibiya a ƙetaren iyaka.

Amma ku tuna, iyakar nan an rufe ta a 2019 har ƙarshen 2020. An sake rufe ta a 2023 har cikin 2024. Duk mun ga yadda kaya suka yi tsada a lokacin. Kujerar da ke kwance bayan ɗakin kawunka ba ta jiran a buɗe iyaka.

Abu biyu nake roƙon ku. Na farko, kada ku sayi bencin lakwal, ko kujerar likita, ko wadda ke da lamba ko tambarin gwamnati, sai in hukuma ce da kanta ta yi gwanjonta. Wanda ya sayi bencin lakwal, ɗansa ne zai zauna ƙasa. Na biyu, akwai masu sayar da kayansu don dole: matar da aure ya mutu, ko wanda ɓarayin daji suka kora daga garinsu. In ka ga haka, ka biya kuɗin da kaya suka cancanta. Kada ka ci ribar hawayen ɗan uwanka.

Gwaji 7 kafin ka zaro kuɗi

1. Juya ta. Kujera ba ta ɓoye ƙaryarta a ƙarƙashi. Sama akwai fenti, ƙasa akwai gaskiya. In mai kaya ya hana ka juyawa, yi gaba.

2. Zauna bisa kanta. Jingina, ka motsa dama da hagu. In tana rawa kaɗan a mahaɗa, wannan mai gyaruwa ce, sai ka nemi ragi. In ƙafa ta tsage daga sama har ƙasa, bar ta.

3. Ƙwanƙwasa ta da ɗan dutse, ka danna ƙusa a gindin ƙafafu. Icce mai lafiya yana ƙara da ƙarfi, ƙusa ba ta shiga. Wanda gara ta ci yana ƙara kamar fankon gora. In ka ga ƙananan huji kamar na allura, gari yana zubowa kamar garin tuwo, to akwai ƙwaro a ciki yana ci har yanzu.

4. Ɗaga ta ka ji nauyi, ka duba irin katakon. Jan katako yana da nauyi, yana daɗewa. Farin katako sakayau ne, ƙwari suna son shi. Akwai kuma katakon da aka yi da garin icce da gam, aka lulluɓe da leda mai sheƙi. Shi ne ya cuce ni. Ka duba gefensa, za ka ga kamar dusa aka danne. Wannan ba ya shiri da ruwa ko kaɗan. A damanar 2024 ruwa ya yi ɓarna mai yawa a jihar Maraɗi, ya shiga gidaje, ya rusa ɗakuna. Kayan da suka kwana cikin ruwa irin haka sukan koma kasuwa da sabon fenti. In ka ga zanen ruwa a ƙafafu, ko ka ji warin ruma, ka kiyaye.

5. Nemi kuɗin cizo. Suna ɓuya a tsaga, da mahaɗa, da bakin ɗinki. Alamarsu ɗigo-ɗigon baƙi kamar an yayyafa tawada, da ƙananan ƙwai farare, da wani wari. Kujera mai kushin ita ce babban gidansu, don ba ka ganin cikinta. Shawarata, mai kushin ta hannu a bar ta.

6. In ta ƙarfe ce, duba gindin ƙafafu da wurin walda. Tsatsar sama ba komai, ana gogewa. In ƙarfen ya huje, ko yana ɓarewa falle-falle, ya mutu. In ta roba ce, shafa ta da hannu. In wani farin gari ya kama hannunka, rana ta cinye ta, za ta karye ba sallama. Kujerar roba da aka ɗinke da waya kada a ba tsoho, kada a ba mai ciki.

7. Auna tsawonta da jikin wanda zai zauna. Wannan shi ne babban gwaji, shi ne na manta da farko. Kujerar cin abinci ta sosai, daga ƙasa zuwa mazauni, wajen santimita 45 ce, kusan kamu guda na babban mutum. In an zauna, tafin ƙafa ya taka ƙasa sosai, gwiwa ta yi daidai da ƙugu. Tsoho yana son mazauni mai tauri, da abin jingina, da wurin dafawa in zai tashi. Mai girki kuma tsawon tukunya ne ke faɗin tsawon kujerarta. In murhu na ƙasa ne, taƙi guda zuwa guda da rabi ya isa, yadda za ta tuƙa tuwo ba ta duƙa ba. Kafin ka tafi kasuwa, yanki kara daidai tsawon da ake so, ka tafi da shi. Kara ba ya mantuwa.

Kada ta shiga ɗaki ranar da ta zo

Baƙuwar kujera a waje take kwana, nesa da gado da tabarmi. Ka tafasa ruwa, ka zuba shi a kowace tsaga da kowace mahaɗa. Ka wanke ta da sabulu da soso. Sannan ka shanya ta a tsakiyar rana. Zafin da ya kai digiri 50 yana kashe kuɗin cizo da ƙwansu. A ƙasarmu, cikin Afrilu da Mayu, zafi yana wuce digiri 40 a inuwa. In ka ƙunshe kujera cikin baƙar leda, ka ɗaure, ka bar ta a rana kwana 2 ko 3, zafin ciki zai fi na waje. Bayan kwana 10 ka sake duba, ka sake zuba tafasasshen ruwa, don ƙwan da ya tsira yana ƙyanƙyashewa cikin waɗannan kwanaki. Kada ka ce ai ta daɗe ba a zauna kanta ba. Kuɗin cizo yana yin watanni bai sha jini ba, kuma bai mutu ba.

Ga gargaɗi, ku ji da kyau. Kada ku fesa wa kujerar cin abinci maganin ƙwarin gona, ko fiya-fiya. Kada ku sa ƙwayar nan da ake sa wa buhun wake a cikin ɗaki don kashe kuɗin cizo. Iskar da take fitarwa guba ce, tana kashe mutum yana barci. Ruwan zafi da rana ba su taɓa sa guba a tuwon kowa ba.

Sai zancen tsohon fenti. Wasu fenti suna da dalma a ciki. Dalma guba ce ga yara, tana taɓa ƙwaƙwalwa. Maƙwabtanmu na Zamfara sun ga haka a 2010, inda yara fiye da 400 suka mutu. Tasu dalmar daga dutsen zinariya ta fito, wanda ake niƙawa cikin gidaje, amma gubar ɗaya ce. Ido ba ya gane fenti mai dalma. Saboda haka in za ka kankare tsohon fenti, ka jiƙa shi da ruwa tukuna don kada ya yi ƙura. Ka yi aikin a bayan gida, nesa da yara da tukwane. Ka tattara abin da ya zuba ka binne. Katako mai fenti kuma ba a sa shi a murhu.

Gyara

In kujera ta bushe sarai, sai gyara. Ƙafar da ke rawa ba babbar ƙusa take so ba. Babbar ƙusa tana tsaga tsohon icce. A zare ƙafar, a kankare tsohon gam, a sa sabo, a mayar, a ɗaure da igiya tamau, a bar ta kwana guda. In ramin ya yi faɗi, a cusa ɗan siririn icce tare da gam. In ƙafa ɗaya ta fi sauran, a ajiye kujerar bisa daɓe mai kyau, a auna, a rage.

Ta ƙarfe a kai wa mai walda ya kama inda ya saki. A goge tsatsa, a shafa fenti. Sannan a saƙa mazauni. Igiyar leda ta kanti tana da kyau, ba ta jin ruwa, amma tana tsoron wuta. Igiyar kaba ko ta rama tamu ce, ba a sayen ta da tsada, kuma a kowane ƙauye akwai tsohon da ya iya saƙar gado. Hannun da ya saƙa gado zai saƙa kujera.

Wasu suna shafa wa icce baƙin man mota don gara. Ga ginshiƙin rumfa wannan wani zance ne. Ga kujerar da yaro zai dafa sannan ya sa hannu a tuwo, a'a.

Jere a bakin murhu

Mata sun san jere. In an kai amarya, ana kwana ana jera kwanoni da tasoshi a ɗaki. Amma madafa, inda mace ke wuni, ba mai jera ta. Ni da uwargida muka ce bari mu gwada. Ga yadda muka yi.

Muka gyara rumfar da ke jikin madafa. Muka sa sabuwar zana, muka daɓe ƙasa, uwargida ta yi yaɓe, ta shafa farar ƙasa a bango.

Muka duba iska. Da rani, lokacin hunturu, iska daga gabas maso arewa take zuwa. Da damana daga yamma maso kudu. Kujera ana ajiye ta yadda iska za ta bugi bayan mai zama, hayaƙi ya yi gaba. Saboda haka wurin zama yana canzawa sau 2 a shekara. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2020 hayaƙin girki na cikin gida ya yi sanadin mutuwar mutum wajen miliyan 3 da dubu 200 a duniya. Tari da jan ido da muke gani wurin matanmu, hayaƙi yana da hannu a ciki. Wanda ke da hali ya gina murhun Albarka na laka, ko ya sayi Mai Sauƙi na ƙarfe. Suna rage cin icce, suna tsare wuta wuri guda.

Kujerar mai girki, ta icce, ita ce kusa da wuta. Ta roba da mai igiyar leda su ja baya taku 3. Tsakanin murhu da randa a bar hanya, kada mai ɗauke da tukunya mai zafi ta yi tuntuɓe. Kujerar tsoho a sa ta jikin bango, inda inuwa ke daɗewa, inda zai ga kowa.

Ƙafafun kujerar icce kada su zauna cikin danshi. A sa musu falalen dutse ko guntun bulo. Kullum in an yi shara a ɗaga su a share ƙarƙashi. Gara ba ta son abin da ake motsawa. Da damana a shigar da su inda ruwa ba ya duka.

Kujerunmu 3 ba su yi kama da juna ba. Biyu na ƙarfe, ɗaya ta katako. Kowace daga gidanta ta fito. Muka shafa musu fenti iri ɗaya, shuɗi. Muka saƙa na ƙarfen da igiya iri ɗaya. Uwargida ta karɓo ƙyallayen atamfa wurin tela, ta ɗinka ƴan matasai 3, ta cusa audugar rimi. Yanzu in ka gan su sai ka ce uwa ɗaya uba ɗaya. Matashin ana cire shi a shanya, ana wanke rigarsa. Nan ya fi kushin da aka kafe da ƙusa.

Akwai wani tsohon ƙyaure da ya daɗe jingine a bayan gida. Kafinta ya yanke shi, ya sa masa ƙafafu, ya zama tabur. Ya ce tsakanin mazaunin kujera da saman tabur a bar santimita 25 zuwa 30, don cinya ta samu wuri. Bisa wannan tabur ake ajiye abinci a rufe da faifai. Kaji da awaki ba su kai baki. Yaro mai rarrafe ba ya kai hannu cikin miya mai zafi. Gefe guda muka ajiye buta da sabulu, kowa ya wanke hannu kafin ya ci. A bango uwargida ta rataye faya-fayanta masu launi, da ragaya mai ƙwarya, da muciya, da maburgi. Ba mu sayi kayan ado ko na dala ba. Kayan aikinta ne suka zama ado.

Tabarma kuwa tana nan. Ni da yara maza bisa kanta muke ci, kusa da kujerar Inna. In an kwashe kwanoni, tabur ya zama na karatu. Yara su yi aikin lakwal, uwargida ta yi bitar baƙaƙenta.

Ƴan uwanmu makiyaya masu tashi da ruga, ku ba ku da bukatar wannan duka. Kaya mai nauyi wahala ce ga jaki. Ƴar kujerar mata ta icce guda, wadda masassaƙi ya fafe, ta isa tatsa da girki. Sai dai a auna tsawonta da jikin mai ita, a kuma duba tsaga da hujin ƙwaro kamar yadda na faɗa.

Kowace kujera icce ce a da

Tsohon kafintan nan ya nuna mani wata kujerar mata, baƙa wuluk, mai nauyi kamar dutse. Ya ce: "Wannan kirya ce. Ta kakata ce. Je ka nemo mani kiryar da za ta fid da irinta yau." Na yi shiru. Kirya tana shekaru masu yawa kafin ta yi kaurin turmi. Dattawa sun san yadda dajin Baban Rafi yake a da, sun san yadda yake yanzu.

A watan Mayu na 1984, zamanin Shugaba Seyni Kunce, an yi babban taro a Maraɗi bisa yaƙi da hamada, aka ɗauki alkawarin kare itatuwa. A cikin waɗannan shekaru ne manoman jiharmu suka fara sassabin zamani, suna barin tohon itatuwa a gona. Yau gonakinmu sun yi gawo da kalgo, har baƙi suna zuwa daga wasu ƙasashe su gani. Dokar daji ta 2004 kuma tana kare itatuwa. Manya irin su gawo, da kirya, da maɗaci, da tsamiya, ba a sare su sai da izinin ma'aikatan gandun daji. To, duk wanda ya gyara tsohuwar kujera ya bar wani icce a tsaye. Da tsohuwar zuma ake magani.

Lissafi

Ga abin da na kashe a karo na biyu. Ku tuna jika guda dala 200 ce.

Kujerun ƙarfe 2, ba igiya: jika 4
Kujerar katako 1: jika 2 da rabi
Walda: jika 1
Igiya: jika 1 da rabi
Fenti: jika 1 da rabi
Gam da ƙananan ƙusoshi: dala 100
Kuɗin mota: jika 1
Duka: jika 12

Ƙyaure namu ne. Aikin tabur da ƴar kujerar girki kafinta ya ce sadaka ce ga Inna, Allah ya saka masa. Farashi yana canzawa, naku ba zai zo daidai da nawa ba. Abin riƙewa shi ne: kuɗin saye, a haɗa da na gyara, a haɗa da na ɗauko. In duka ya kusa kuɗin sabuwa, ba riba, ka sa kafintan garinku ya yi maka sabuwa. Ka rubuta lissafin a takarda kafin ka taya. Amfanin karatu ke nan.

Ina da magana da iyayen amare, tun da lokacin bukukuwa ya zo. Muna gani ana sayar da saniya, ana jinginar da gona, don a sayi manyan kujerun kushin a cika ɗakin amarya. Ɗaki ya cushe, ba wurin shimfiɗa tabarmar salla. Amarya kuwa tana can madafa, tsugune bisa guntun bulo. Bayan shekara 2 ɓera da gara sun gama da kujerun, bashi yana nan. Ku ba ɗiyarku abin da za ta zauna kai ta yi aiki. Ragowar kuɗin ku saya mata akuya. Akuya tana haihuwa, kushin ba ya haihuwa.

Yanzu in rana ta yi sanyi, Inna takan dafa bango ta fito da kanta. Ta zauna bisa shuɗiyar kujerarta ta katako. In za ta tashi ta dafa tabur, ba mai kama ta. Ta koma kaɗa miya, ta koma faɗan gishiri ya yi yawa. Ciwon gwiwa bai tafi ba, kujera ba magani ba ce, muna komawa likita in lokaci ya yi. Amma kwanonta yana komowa ba saura. Ran nan ta ce mani: "Kai ɗan nan, ashe har yanzu ina cikin mutane."

Dattijon da ya yi mani dariya, jiya na gamu da shi a hanyar bakin tabki. Yana ɗauke da wata tsohuwar kujerar ƙarfe a ka, ba igiya. Na ce: "Baba, ina zuwa?" Ya ce: "Wurin mai walda. Ta tsohuwar gidan ce. Kada ka sa ni a jarida." To Baba, ban faɗi suna ba.

Aikin wata

Wani manomi ya sayi kujeru 4 na hannu, kowace jika 2. Ya biya mai walda jika 1 da rabi. Ya sayi igiya ta dala 300. Ya biya mai amalanke dala 100. Nawa ya kashe duka? In sabuwar kujera jika 5 ce, nawa ya rage masa da bai sayi sababbi 4 ba?

Ku rubuta amsa da hannunku, ku ba malamin makarantarku ya aiko mana. Wanda ya san wata dabarar korar gara wadda ba guba a ciki, shi ma ya rubuto, don sauran ƴan uwa su ƙaru. Wata mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu yi zancen gyaran amalanke kafin a fara kai taki gona.

Ku huta lafiya.